DAGA ALƘALAMINA: Tekun Da Na Aro Daga Safna

  Na ga wasiƙunku, kuma kusan rabinsu tambaya ɗaya ce: wai ina littafin nan da na yi alkawarin zai fito tun kafin azumi? Wata ma cewa ta yi ko aure aka yi mini na manta da su. To ba aure ba ne, kuma ba kuɗin bugu ba ne, ko da yake shi ma yana nan yana jirana. Yau dai zan faɗa muku gaskiyar abin da ya tsayar da shi ko da kuwa za ku yi mini dariya, tunda an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Littafin nan na gama shi tsaf, littafin rubutu uku cur na cika. A babin ƙarshe an tsayar da ranar auren yarinyar da wani Alhaji da ba ta ƙauna, saura kwana biyu ɗaurin aure. Sai na fito da ita daga gida da la'asar sakaliya, na kai ta kan wani dutse mai tsawo a bakin teku, iska tana kaɗa gyalenta, igiyar ruwa tana dukan gindin dutsen, rana ta yi jawur za ta faɗi, ga kuma wata tsohuwar katanga a gefe wadda ita da masoyinta suka taɓa rubuta sunayensu da gawayi. Ta waiga ta kalli katangar nan, ta rufe ido. Sauran kun san shi ba sai na faɗa ba. Wallahi ina rubutawa ina hawaye, har sai da tawada ta jiƙe, na ce a raina wannan karon kam na yi littafi.

Akwai wani taubashina, ɗan gwaggona, wanda ya yi karatu shekara huɗu a Bangalore ta ƙasar Indiya. Shi nake fara ba wa duk abin da na rubuta, don ba ya jin kunyata ko kaɗan, kun dai san wasan taubasai. Ya zo gaida Umma ran wata Juma'a, na miƙa masa ina ta wani ɗaga kai. Ya karanta babin nan shiru, ya ɗago ya ce, "Malama marubuciya, yarinyar nan ba a Fagge kika ce gidansu yake ba?"

Na ce, "Eh mana Yaya, a Fagge."

Ya ce, "To wace mota ta hau daga Fagge da la'asar har ta isa bakin teku kafin magariba? Ko an jawo teku zuwa Ƙofar Mata ne ina Indiya ba a gaya mini ba?"

Na buɗe baki zan yi magana na rasa ta cewa. Umma tana gefe tana tsintar shinkafa, sai ta ce ya karanto mata wurin ta ji. Bai kai ƙarshe ba ta ajiye faranti ta ce, "Ke tafi can, ai wannan Safna ce. Basu da Safna. Wannan tun kafin a haife ki muka yi kukansa muka share hawaye."

Jama'a, ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba. Domin gaskiya Umma ta faɗa. Ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin teku da idona ba, ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne Tiga, ranar da aka kai mu yawon buɗe ido muna aji biyar, shi ma malamarmu ba ta bari mun matsa kusa ba. Daga Kano zuwa inda teku yake a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Ashe tekun nan da dutsen da katangar duk aro na yi ban ma san na ara ba, sun shige kaina tun ina ƙarama ina kwance a cinyar Umma tana kallon fim ɗinta.

Ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, sunan fim ɗin Ek Duuje Ke Liye, ya fito a 1981, K. Balachander ne ya shirya shi, Kamal Haasan ya fito a Basu, Rati Agnihotri ta fito a Safna. Maƙwabtan juna ne a wani wuri da ake kira Gowa. Shi ɗan kudancin Indiya ne mai yaren Tamil, ita kuma 'yar arewa mai yaren Hindi, ba ya jin nata ba ta jin nasa, iyayensu kuwa kullum cikin faɗa kamar kishiyoyi. Da daddare da ƙwan lantarki suke zance, ya kunna ya kashe a ɗakinsa, ta kunna ta kashe a nata. (Umma ta ce da a Kano ne da soyayyar ta mutu tun a satin farko, don sai a kwana uku ba a kawo wutar ba.) Da iyaye suka ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka gindaya sharaɗi: su rabu shekara guda cur, ba gani ba wasiƙa, in har bayan nan suna son juna za a yi musu aure. Ya tafi Haidarabad. A cikin shekarar nan ne uwar Safna ta ƙona hotonsa, ita kuwa ta kwashe tokar ta zuba a kofin shayinta ta shanye a gaban uwar. Ana gab da cika wa'adi komai ya lalace, wani mugu ya keta mata haddi, shi kuma 'yan daba suka yi masa jina-jina, suka ja jiki suka haɗu a kan dutse a bakin teku, suka faɗa tare. Haka ya ƙare. Ba aure, ba ɗa, ba jika.

Da Yaya ya gama yi mini dariya sai ya ce, "To tunda kin saci wuri, bari in nuna miki wurin da kika sata, don ni na taka shi da ƙafata." Ashe wani hutu sun haɗa kuɗi shi da abokansa sun hau motar dare daga Bangalore sun je Gowa ɗin. Ya buɗe waya ya yi ta nuna mana hotuna, abin da bai sani ba kuma na zauna daga baya na bi shi da karatu, shi ne ya cinye mini watannin nan da kuke ta cigiyata.

Ita Gowa jiha ce a gaɓar tekun yammacin Indiya, kuma duk cikin jihohinsu babu mai ƙanƙantar ƙasa kamarta. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba Turawan Ingila ne suka mulke ta ba, Turawan Fotugal ne. A 1510 wani mayaƙinsu mai suna Albuquerque ya ƙwace ta daga hannun sarkin Musulmi na Bijapur, kuma ranar da ya ci garin an yi wa Musulmin cikinsa kisan gilla, ba a bar mata da yara ba. Kafin nan tasha ce babba, ta nan ake sauke dawakan da ake kawowa daga ƙasashen Larabawa da Farisa. Mutanen nan suka zauna daram shekara 451. Indiya ta sami 'yancin kai a 1947 amma suka ce su ba inda za su, sai a watan Disamba na 1961 sojojin Indiya suka shiga suka fitar da su da ƙarfin tsiya. To ku lissafa da kanku, lokacin da aka ɗauki fim ɗin Basu da Safna shekara 20 kacal ke nan da tafiyarsu. Shi ya sa in kun lura gidajen cikin fim ɗin ba su yi kama da na sauran finafinan Indiya ba, ga coci-coci farare, ga tsofaffin ganuwoyi a bakin ruwa. Masu shirya fim kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki: ga teku, ga bishiyoyin kwakwa, ga kango, ba sai sun gina komai ba. Har ta kai tun daga 2004 a can ake yin babban bikin finafinai na ƙasa da ƙasa na Indiya kowace shekara.

Hoton farko da Yaya ya nuna mana shi ne su uku a zaune kan wata katanga sun ba kyamara baya suna kallon ruwa. Ina gani na ce, "Lah! Dil Chahta Hai!" Ya ce ashe dai ba Safna kaɗai na haddace ba. Wannan fim ne na 2001 wanda Farhan Akhtar ya shirya, na abokai uku, Amir Khan da Saif Ali Khan da Akshaye Khanna, wanda ɗayansu ya kamu da son wata bazawara da ta girme shi nesa ba kusa ba, abin da ya raba shi da amininsa har da mari. Akwai inda suka zauna a kan katangar nan suna kallon wani jirgin ruwa yana ɓacewa, ɗaya yana cewa su dinga zuwa duk shekara, ɗaya kuma yana cewa wa ya sani ko nan gaba haɗuwar ma za ta gagare su. Zaman bai fi 'yan mintoci ba a fim ɗin, amma ya isa ya canza wa wurin suna. Sunansa na gaskiya Chapora, wai daga Shahpura aka samo shi, wato garin sarki, don tun zamanin sarakunan Bijapur akwai sansani a kan tudun. Ginin da ake gani yanzu Turawan Fotugal ne suka yi shi a 1717 da jan dutse irin marmarar nan tamu, don su tsare iyakarsu daga mayaƙan Maratha, suka kuma watsar da shi a 1892 da iyakar ta matsa gaba. Amma Yaya ya ce in ka tsayar da mai babur ka ce ya kai ka Chapora sai ya tambaye ka, "Ganuwar Dil Chahta Hai?"

Na ce, "Yaya, ciki fa? Me ke ciki?"

Ya ce, "Ciyawa."

Na ce ban gane ba. Ya ce wallahi ciyawa ce da duwatsu da robobin ruwa da mutane suka sha suka yar. Sun hau tudu cikin rana suna haki kamar masu hawan Dala, suka tarar ba ɗaki ba rumfa, sai katanga ta zagaye fili. Kuma wai layi ake yi a daidai inda jaruman suka zauna, uku-uku, kowa ya matsa ya ba wani, har da mai tsawa in kun daɗe. A hoton kam sai ka rantse su kaɗai ne a duniya, alhali a bayan mai ɗaukar hoton mutum ya fi hamsin suna jira. Jikin katangar kuma duk an farfasa shi da ƙusa da makulli, wane yana son wance, an zana zuciya an soke ta da kibiya. Na tuna gawayin da na ba yarinyar littafina, na yi shiru.

Sun kuma je wata ganuwar mai suna Aguada, ita ma tana yawan fitowa a finafinai, ita ce mai doguwar hasumiyar nan zagayayya. An gina ta a 1612 a bakin kogin Mandovi don tsoron jiragen yaƙin Turawan Holan. Akwai idon ruwa mai daɗi a cikinta inda jiragen da suka yi wata da watanni a teku suke tsayawa su cika tulunansu, daga nan ma ta samo sunan, don da yarensu agua shi ne ruwa. Hasumiyar ta 1864 ce, a da fitila ake kunnawa a samanta don jirage su gane hanya da dare. Abin da kyamara ba ta cika nunawa ba shi ne ɓangaren ƙasa, wanda kurkuku ne. A nan Turawan Fotugal suka dinga tsare masu neman 'yanci, bayan tafiyarsu ma aka ci gaba da ɗaure mutane a ciki har 2015, sai daga baya aka mai da shi gidan tarihi. Ke nan shekara da shekaru ana rawa da waƙa a sama, a ƙasa kuma wani yana ƙirga kwanakinsa. Yaya ya ƙara mini da cewa a dazukan jihar Karnataka, maƙwabciyar Gowa, akwai wasu baƙaƙen fata masu gashi irin namu da ake kira Siddi, waɗanda da yawansu jikokin bayi ne da aka kwaso daga gabashin Afirka suka gudo daga hannun Turawan nan. Umma ta ce, "Allah sarki, duk kallon Indiyan da na yi ban taɓa ganin an nuno ko ɗaya ba."

To amma duk wannan ba shi ne ya hana ni barci ba. Wanda ya hana ni barci shi ne Dona Paula.

Dona Paula wani tsibirin dutse ne da ya kutsa cikin ruwa, kamar kilomita 7 daga Panaji babban birnin jihar, kusa da inda koguna biyu, Mandovi da Zuari, suke zubawa a teku. An ɗauki sassa da dama na fim ɗin Basu da Safna a nan, daga baya ma an ɗauki wani yanki na Singham na Ajay Devgn a 2011, wanda na san samarinmu sun fi sani. Wurin ya yi suna da cewa matattarar masoya ce, amare da angwaye daga ko'ina a Indiya suna zuwa. Kuma da ka sauka daga mota, in ji Yaya, masu yi wa baƙi jagora za su taso maka da labari. Wai Dona Paula 'yar wani babban gwamna ce Bature, ta kamu da son wani talaka masunci ɗan ƙasa, uban ya ce sam, ita kuwa ta hau dutsen nan ta faɗa teku. Wani kuma zai ce maka a'a, farkar gwamna ce, matarsa ta sa aka jefa ta. Wani ya ce har yau in wata ya cika fatalwarta tana fitowa daga ruwa da sarƙar lu'ulu'u a wuya. Sannan su nuna maka wani farin mutum-mutumi na mace da namiji a kan dutse su ce ga ta nan ita da masoyin nata. Yaya ya ce da idonsa ya ga wata amarya da jan lalle har gwiwar hannu tana share hawaye a gaban gunkin nan.

To 'yan uwa ku saurara ku ji. Matar nan an yi ta da gaske, amma ba budurwa ba ce da aka hana ta masoyi. Matar aure ce, sunan mijinta Antonio de Souto Maior, masu dukiya ne da filaye a wannan yanki. Ta rasu a 1682, kabarinta yana cikin wani ƙaramin coci a harabar gidan da gwamnan jihar yake zama. Abin da aka san ta da shi shi ne taimakon talakawan ƙauyen, ƙauyen da a da ake kira Oddavell, kuma saboda alherinta ne bayan ta mutu mutanen suka sa wa garin sunanta. Shi kuwa mutum-mutumin, a 1969 wata Baturiya mai sassaƙa ta yi shi, shekara 287 bayan mutuwar matar, kuma sunan da aka ba shi ma na nufin surar ƙasar Indiya ne, ba ruwansa da wata Paula balle masunci. Babban abin da ke unguwar a yau ma cibiyar binciken teku ce ta gwamnatin Indiya, wadda aka kafa a shekarun 1960, inda masana suke aikinsu.

Kun ji fa. Baiwar Allah ta yi zaman aurenta, ta yi alherinta har talakawa suka ga ya kamata a dinga kiran sunanta kullum, amma da yake alheri ba ya sa amarya kuka, ba ya sa a sayi hoto da hular rana, sai aka ɗauke ta aka jefa ta teku bayan ta daɗe a kabari. Ni abin ya yi mini ciwo kamar 'yar uwata aka yi wa ƙazafi. Ku duba fa, a ce yau wata Hajiya ta gina rijiya a unguwarku ana kiran rijiyar da sunanta, bayan shekara 300 jikokinku su dinga nuna wa baƙi suna cewa a nan ta faɗa saboda saurayi. Kuma abin da na lura, fim ɗin da tatsuniyar sun zama ɗan juma da ɗan jummai, kowanne yana riƙe da ɗan uwansa: wanda ya kalli fim ya zo ya ji tatsuniya sai ya ce ashe da gaske ana yi, wanda ya ji tatsuniya ya je ya kalli fim sai ya ce ga shi an maimaita. Alhali Kamal Haasan da Rati Agnihotri da aka ce an gama ɗauka tashi suka yi suka karkaɗe jikinsu suka karɓi kuɗinsu. Shi har siyasa ya shiga daga baya ya kafa jam'iyya a 2018. Ita ta yi aurenta ta haifi ɗanta, ta dawo tana fitowa a uwa.

Kada wata ta ce na zo ina zagin finafinan Indiya ne. Ni? Wace ni. A cikinsu na tashi, kuma gobe ma in an saka zan zauna in kalla in yi kukana. Ba kuma yau aka fara ce-ce-ku-ce a kan irin wannan ƙarshe a rubutunmu ba. Manyanmu sun sha ba mu labarin surutun da aka yi da littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, saboda Sumayya ta faɗa rijiya, ko da yake shi ya ciro ta da ranta, kuma ko ba komai rijiya tamu ce, kowa ya san zurfinta da duhunta da warin gansakukarta, ba mai ganin rijiya ya ce kai, wurin nan da kyau. Ni kuwa da na tashi sai na ɗauko abin na yi masa kwalliya da faɗuwar rana da iska da gyale, na kai shi wurin da ni kaina ban taɓa zuwa ba, na sa shi ya yi kyau. A fim ba a nuna abin da ruwan gishiri yake yi wa gawa, ba a nuna masuntan da za su tsamo ta, ba a nuna uwar da za a kira ta zo ta duba ko tata ce. Ni ma ban nuna ba, don ban ma yi tunaninsa ba.

Abin da ya sa na ce ya hana ni barci, akwai wata wasiƙa a cikin waɗanda suka zo mini, ba suna ba adireshi, rubutun 'yar makaranta. Ta ce an ba da ita ga abokin babanta, an sa rana bayan sallah, ta yi kuka ta yi rashin lafiya ba wanda ya kula. A ƙarshe ta ce tana jiran littafina ne ta ga yadda tauraruwar za ta yi, don duk abin da ta yi ita ma shi za ta yi. Na karanta wasiƙar nan a daren da Yaya ya tafi, ga littafina a gefen katifa da babin nan a ciki. Hannuna har rawa yake.

Ƙanwata, in kina karanta wannan, da ke nake. Ban san sunanki ba amma na san kina nan. Dutsen nan da kike gani a fim layi ake yi a kansa ana ɗaukar hoto, ana sayar da lemo da soyayyar masara a gindinsa, matar da aka ce ta faɗa ba ta faɗa ba, waɗanda suka faɗa a fim suna nan da ransu sun tsufa. Ke kaɗai ce za ki yi da gaske, ki bar mahaifiyarki da baƙin cikin da ba ya warkewa, ki kuma je ki tarar da Ubangijinki da abin da ya haramta. Don girman Allah kada ki zauna da abin nan ke kaɗai a ɗaki. A danginku akwai wanda babanki yake jin nauyinsa, ko yayansa ne, ko gwaggonki, ko kakarki, ko limamin unguwa, ko malamin da ya koya masa karatu. Ki je da ƙafarki ki faɗa da bakinki, ki faɗa musu har abin da kika rubuto mini, kada ki rage komai don kunya. In na farko bai saurare ki ba ki je wa na biyu. Na ga auren da aka fasa ana saura kwana uku saboda wata tsohuwa ta ɗaura gyale ta je ta zauna a zauren ƙaninta ta ce ba za ta tashi ba. Ki kuma sake rubuto mini ta ofishin mujallar nan, ko da layi biyu ne, in san kina lafiya.

Babin nan dai na yage shi, Umma ta kunna murhu da shi. Yanzu yarinyar tana nan ta fito daga gida da la'asar ɗin kamar da, amma a-daidaita-sahu ta tsayar a bakin titi, da naira ɗari biyu a ƙulle a bakin gyale, za ta gidan yayar babanta a Gwammaja, matar da rabonsu da magana da uban tun rabon gadon kakansu. Na kai ta ƙofar gidan, ta ɗaga hannu za ta buga, a nan na tsaya, don wallahi ni kaina ban san me tsohuwar za ta ce mata ba, kuma na gano rubuta wannan ya fi rubuta teku wuya sau goma. Na karanta wa Yaya ta waya, ya ce naira ɗari biyu ba za ta kai ta Gwammaja daga Fagge ba a kuɗin motar yanzu, in ƙara mata ko in sa ta taka da ƙafa.

Masu tambayar littafi ku ƙara haƙuri. Wadda ta aiko tambaya a kan kayan lefe da dangin miji suka riƙe, na gani, amsarki tana fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.